Bindigar Hukuma Amanar Talakawa Ce

Zuwa ga 'yan'uwa na rassan Madarunfa, da Ɗan Isa, da Gabi, da Safo, da Jiratawa, da Sarkin Yamma, da sauran garuruwan kasuwa. Muna roƙon kowane sakataren reshe ya karanta wannan takarda da ƙarfi a wurin taro, domin waɗanda ba su yi lakwal ba su ji da kunnensu, sa'an nan a tattauna a kanta.

Maganar da za mu yi yau mai nauyi ce, watau maganar rai. In rikici ya tashi cikin ƙasa, jama'a suka fito kan hanya da fushi, yaushe ya halatta ɗan sanda, ko jandarma, ko gardi, ya ɗaga bindiga ya harbi ɗan ƙasa? Mun ji amsa iri biyu a bakin mutane, a kasuwa da gindin bishiya. Waɗansu su ce ai Hukuma ce, abin da ta ga dama shi za ta yi, wanda ya ja da ita shi ya jawo wa kansa. Waɗansu kuwa, yawanci samari masu zafin jini, su ce ko kusa, duk mai kakin da ya yi harbi azzalumi ne. Mu ba mu yarda da ko ɗaya ba. Ga matsayinmu a taƙaice. Ba a ɗauke rai sai domin a tsare wani rai da ke gab da salwanta, a wannan sa'a, in babu sauran wata dabara. Ban da wannan, ko an kira abin tarzoma, ko bore, ko dokar ta-ɓaci, kisa ne, kuma tilas a tuhumi wanda ya yi da wanda ya sa shi.

WA YA SAYI HARSASHIN?

Bari mu fara daga tushe. Bindigar nan da ke rataye a kafaɗar jandarma ba gadon ubansa ba ce, ba kuwa kumandansa ya sayo ta da kuɗin aljihunsa ba. Lanhon da mai gida ya biya bayan ya sayar da geronsa, da patantin mai tebur, da kuɗin da a ke karɓa a duwan ta Ɗan Isa kan motocin da ke fitowa daga Jibiya, su aka tara aka sayo ta, har da harsashin da ke cikinta, har da kakin da ke jikin mai riƙe da ita. Don me muka yarda aka yi haka? Don mun ajiye namu makamai. Kakanninmu kowa da kwarinsa da bakansa ya ke kwana, wanda aka zalunta shi ke rama wa kansa. Aka ga wannan ba zama ba ne, aka ce a tara ƙarfi wuri guda a hannun Hukuma, ita ta tsare kowa. To, abin da ka ba mutum domin ya tsare ka da shi, sunansa amana. In ka ba makiyayi sanda ya kore maka kura, ya juyo ya kwaɗa wa ɗanka ita, ba za ka tsaya jin cewa ai sandar a hannunsa ta ke ba.

Turawan mulkin mallaka ba su ɗauki abin haka ba. A wurinsu gardi bulalar kumandan ne, aikinsa tara haraji da kora mutane aikin tilas, wanda ba a soke shi a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sai a 1946. A gefen Ingilishi ma kanwar ja ce. Ran 18 ga Nuwamba 1949, a mahaƙar kwal ta Iva Valley kusa da Inugu, 'yan sanda ƙarƙashin wani hafsa Bature suka buɗe wuta kan leburori masu neman hakkinsu, suka kashe 21, suka raunata 51, alhali ba ɗaya daga cikin leburorin da ke riƙe da bindiga. Abin mamaki, su Turawan sun san ƙa'ida. Ingila ta yi doka tun 1714 wadda ta ce sai an karanta wa taro shela, an ba su sa'a guda su watse. Faransa kuwa, dokarta ta 1848 ta ce a buga ganga, a yi gargaɗi, kafin a sa ƙarfi. Ba mu ce kullum sun bi waɗannan dokoki a gidajensu ba, amma ko banza sun san abin da ya kamata.

Iyayenmu da suka sha wuya wajen neman mulkin kai, cikin abin da suka nema har da wannan, a daina kallon talaka kamar bisar da a ke korawa da bulala. Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami 'yancinta. Tuta ta canja. Halin bariki fa, ya canja? Ku biyo mu ku ji.

ABIN DA YA FARU A ƘOFAR GIDANMU

Mu mutanen wannan yanki ba sai an ba mu labarin nesa ba. A watan Mayu 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, manyan jam'iyya mai mulki suka zo taro Jiratawa. Hargitsi ya tashi a wurin, aka kama mutane da yawa bisa zargin su magoya bayan Sawaba ne, wadda aka haramta tun 1959. Aka kai su Maraɗi, aka cunkushe su a ɗaki cikin zafin bazara. Mutum wajen ashirin suka mutu saboda rashin iska.

Ku lura, 'yan'uwa, kisa ba sai da bindiga ba. Mutumin da aka kama, aka kulle, wa zai cuta? Tun daga sa'ad da ya shiga hannu, cinsa da shansa da numfashinsa suna wuyan wanda ya riƙe makulli. In ya mutu a nan, ba mai iya cewa tsaron kai ne, ko ruɗewar filin rikici ce. Kuma ba Bature ya yi wannan ba. 'Yan ƙasa suka yi wa 'yan ƙasa, shekara huɗu ba ta cika ba da samun mulkin kai.

Sa'an nan ku haye iyaka, ku nufi yamma zuwa ƙasar Talata Mafara. A can aka gina madatsar ruwa ta Bakolori kan Gulbin Sakkwato, aka gama ta a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje, aka karɓe waɗansu filayen domin aikin ban-ruwa, diyya kuwa ta ƙi fitowa yadda aka yi alkawari. Da manoma suka gaji da jira, sai suka tare hanyoyi, suka tsai da aiki. A ƙarshen watan Afrilu 1980 aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Waɗanda suka bi ƙauyuka suka bincika sun ce mamatan sun kai ɗaruruwa. Wannan kuwa ya auku ne zamanin farar hula, Shehu Shagari yana Shugaban Ƙasa, Shehu Kangiwa yana Gwamnan Jihar Sakkwato, dukansu da ƙuri'a suka hau. Ashe ƙuri'a kaɗai ba ta hana a harbi mai ƙuri'ar.

Mu da ke noma fadamar Gulbin Maraɗi da bakin tafki mun san abin da gona ta ke ga mai iyali. A ce ma manoman Bakolori sun karya doka da suka tare hanya. To, hanyar da aka tare yau ana iya buɗe ta gobe, aikin da ya tsaya mako guda ana iya ci gaba da shi. Wanda aka binne fa, wace doka za ta tashe shi?

GADAR KENNEDY

Yanzu ga babban misali, wanda ya kamata kowane ɗan Nijar ya san shi kamar sunan mahaifinsa. Ranar Jumma'a, 9 ga Fabrairu 1990, ɗaliban jami'ar Yamai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN suka taso daga Harobanda, inda jami'a ta ke a hayin kogin Kwara, suka nufi cikin gari. Kukansu a kan tsarin tsuke bakin aljihu ne, wanda Gwamnati ta ɗauka da shawarar Bankin Duniya, wanda zai taɓa bursu, watau kuɗin tallafin karatu, da sha'anin ilmi gaba ɗaya. A wannan zamani gada ɗaya ce tak ta haɗa gaɓoɓin kogin a Yamai, ita ce Gadar Kennedy. A nan jami'an tsaro suka tare su, aka buɗe wuta. Hukuma ta amsa mutuwar ɗalibai 3: Alio Nahantchi, da Issaka Kaïné, da Abdou Mamane Saguirou. Waɗanda suka ji rauni kuwa suna da yawa.

Mu auna wannan rana da hankali, ba da kuka kaɗai ba. Tambaya ta fari, ran wa ke cikin haɗari sa'ad da aka ɗana kunama? Ɗalibai ne, ba rundunar yaƙi ba. Ta biyu, babu sauran dabara? Akwai. Ana iya aiko babban mutum ya karɓi takardar kukansu. Ana iya barinsu su wuce, su yi jawabi, rana ta kore su. Ta uku, in nufin a watsa su ne, ta ina za su watse? Gada ba ta da lungu. Ruwa dama, ruwa hagu, 'yan'uwansu sun cika baya, bindiga tana gaba. Duk wanda ya taɓa kora garke ya san ba a matsa dabba a inda ba ta da mafita, balle ɗan Adam.

To, mai cewa Hukuma ta yi haka ne don ta tsare mulki, ya duba abin da ya biyo baya. Wata biyu ke nan da aka zaɓi Janar Ali Saibou Shugaban Ƙasa a Disamba 1989, ƙarƙashin jam'iyya ɗaya tilo, MNSD. Bayan harbin da mako guda, ma'aikata da jama'ar gari suka fito suka cika hanyoyin Yamai. Ran 15 ga Nuwamba 1990 Shugaban ya yarda a kafa jam'iyyu da yawa. Ran 29 ga Yuli 1991 aka buɗe Taron Ƙasa ƙarƙashin André Salifou, aka yi ta yi har 3 ga Nuwamba, aka karɓe iko daga hannun masu iko, aka tone batun 9 ga Fabrairu a bainar jama'a, mutane suna ji ta rediyo. Harsashin da aka harba domin a rufe bakin ɗalibai, shi ya buɗe bakin ƙasa duka. Tun daga nan ɗalibai suka mai da 9 ga Fabrairu ranar tunawa da shahidansu, suna neman a yi musu adalci.

Amma kada mu ce kisa laifi ne don kawai bai biya wa masu mulki bukata ba. Ko da ya biya, ko da kowa ya koma gida ya yi tsit shekara goma, laifi ne. Uwar Alio ba domin a gyara siyasar ƙasa da jininsa ta haife shi ba.

DUNIYA MA TA YI MAGANA

Wani zai ce wannan ra'ayinku ne kawai. A'a. Cikin shekarar nan ta 1990, wata bakwai bayan abin da ya auku a gada, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taro a birnin Habana na ƙasar Kyuba, daga 27 ga Agusta zuwa 7 ga Satumba, aka amince da ƙa'idodi 26 game da yadda jami'an tsaro za su yi amfani da ƙarfi da bindiga. Ga gundarin waɗansu daga ciki, da bakinmu.

Ta 9 ta ce ba a harbi da nufin kisa sai in ya zama babu makawa domin tsare rai. Ta 10 ta ce jami'i ya bayyana kansa, ya yi gargaɗi, ya ba da lokaci, sai fa in tsayawa yin haka zai jawo halaka ko ba shi da amfani. Ta 5 ta ce a gaggauta kai wanda ya ji rauni likita, a sanar da danginsa. Ta 8, wadda ita ce kan maganarmu, ta ce ba a fakewa da rikicin siyasa na cikin gida ko halin ta-ɓaci a kauce wa waɗannan ƙa'idodi. Watau ranar rikici ita ce ranar da aka rubuta su dominta. Ranar da gari ke lafiya, wa ke bukatar a hana shi harbi?

Inda doka ta bar ƙofa a buɗe kuwa, ɓarna na shiga. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 33, ya ba da uzuri in mutum ya mutu wajen kare dukiya, ko wajen kama shi, ko wajen kwantar da tarzoma, muddin ƙarfin bai wuce kima ba. Amma wa ke auna kimar? A zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agusta 2024, ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Borno, Kaduna, Kano, Katsina, Jigawa da Neja. 'Yan sanda suka musanta. Waɗannan maƙwabtanmu ne, kasuwarmu ɗaya, aurenmu ɗaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

TO, 'YAN BINDIGA FA?

Mun san abin da ɗan'uwa na Gabi ko na Safo zai ce in ya ji wannan. Zai ce, ku kuna maganar ƙa'ida, mu kuwa ba mu barci. Gaskiyarsa. Tun wajen 2019 ɓarayin daji suka addabi bakin iyakar nan, suna fitowa ta dajin Baban Rafi da sauran dazuzzuka, su kore shanu, su sace mutane don kuɗin fansa, su kashe wanda ya yi gardama. A shekarar nan dubban 'yan gudun hijira daga Nijeriya suka kwararo jihar Maraɗi. Shin muna cewa jandarma ya tsaya karanta wa ɓarawo shela sa'ad da ɓarawon ya saita bindiga kan mai gida?

Ko kaɗan. Wannan shi ne ainihin wurin da muka ce harbi ya halatta, don rai ne a ke tsarewa, a wannan sa'a, babu kuwa wata dabara. Jami'in da ya tsaya tsakanin ƙauye da 'yan bindiga, ya sa ƙirjinsa, ya cancanci godiyarmu da addu'armu, in ya faɗi kuma iyalinsa amanarmu ne. Abin da mu ke cewa shi ne a bambanta. Mai bindiga da ke harbi daban, mai kwali da ke ihu daban. Har shi ɓarawon, in ya jefar da makami ya ɗaga hannu, ya fita daga hukuncin bindiga ya shiga hukuncin alƙali. In aka saba da harbe wanda aka kama, a ce ai ɓarawo ne, wata rana makiyayin da ba ruwansa za a harbe don kamanninsa, wata rana kuma wanda ya yi faɗa da mai faɗa-a-ji.

Akwai kuma wani wuri mai wuya, ba za mu ɓoye shi ba. Taron jama'a ma yana iya zama makashi. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015, a Damagaram da Yamai, fushi kan zanen wata jaridar Faransa ya rikiɗe ya zama ƙone-ƙone. Mutum 10 suka rasu, aka ƙone coci-coci da yawa, waɗansu mamatan cikin gine-ginen da aka cinna wa wuta aka tsinci gawarsu. In jami'i ya ga mutum da galan ɗin fetur da ashana zai cinna wa ɗakin da ke da mutane a ciki, ya yi gargaɗi bai ji ba, ba kuwa halin kama shi, to, tsai da shi wajibi ne ko da ta kai ga harbi. Amma shi ɗin za a tsayar, mai ashanar. Ba a yi wa taro feshin wuta don mutum ɗaya ko goma cikinsu sun yi ɓarna, domin harsashi ba shi da ido, ba ya tambayar wa ya jefa dutse, wa ya zo sayen gishiri.

“UMURNI AKA BA NI”

Shi wannan yaro mai kaki, ɗan wa ne? Ɗan talaka ne kamarmu. Wataƙila tare muka zauna benci guda a lakwal, ya shiga aikin don ya ciyar da iyayensa. Ba abokin gabarmu ba ne. Sau da yawa a kan tura su ashirin gaban mutum dubu, ba garkuwa, ba hular kwano, ba horon tare taro, sai bindiga da harsashi mai rai. Duwatsu na zuba, tsoro ya kama shi, abin da ke hannunsa da shi zai yi aiki. Saboda haka laifin fari yana kan wanda ya zauna ofis ya tura shi haka.

Duk da haka, “umurni aka ba ni” ba ta wanke mutum sarai. Ƙa'ida ta 26 cikin waɗanda muka ambata ta ce bin umurni ba hujja ba ne in jami'i ya san umurnin haramtacce ne ƙarara, yana kuwa da halin ƙin bi, sa'an nan wanda ya ba da umurnin shi ma alhaki na kansa. Ta 25 ta ce kada a hukunta jami'in da ya ƙi bin irin wannan umurni. Wannan kariya ce gare shi. Gobe in iska ta juya, babban da ya ce “harba” zai ce bai faɗa ba, a bar ƙaramin da jini a hannu da mafarkin dare.

Ko abin da a ke kira makami mara kisa, sai an yi hattara da shi. Ran 15 ga Maris 2020 a Yamai, sa'ad da a ke tarwatsa masu zanga-zanga da barkonon tsohuwa, wuta ta tashi a kasuwar Tagabati, aƙalla mutum 3 suka mutu. Mu mutanen kasuwa mun san rumfunanmu: zana ce, da kara, da buhu, da kwalaben fetur a gefen hanya.

NAMU LAIFIN

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba za mu nemi ladabi daga mai kaki mu kuwa mu saki namu yara ba linzami ba. Wanda ya jefi jandarma da dutse, ya fasa kantin ɗan'uwansa, ya ƙone ofis, bai taimaki talaka da kome ba. Ya dai miƙa wa mai neman hujja hujja a faranti, sa'an nan in wuta ta tashi shi ne na farkon gudu, a bar ɗan tallan da bai san hawa ba bai san sauka ba kwance a ƙasa. Jifa ba ta halatta kisa, wannan ba mu janye ba. Amma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

ABIN DA MU KE NEMA DAGA HUKUMA

1. Kada a tura jami'ai wurin taron lumana da harsashi mai rai a bindigoginsu. A ba su garkuwa, da hular kwano, da horo.

2. Kafin a sa ƙarfi, a yi gargaɗi da lasifika cikin harshen da mutanen wurin ke ji. Gargaɗi da Faransanci a kasuwar Ɗan Isa ba gargaɗi ba ne.

3. A bar wa jama'a hanyar fita. Kada a tare su kan gada, ko cikin lungu, ko tsakiyar kasuwa.

4. A rubuta sunan kowane jami'i da yawan harsashin da aka ba shi, in ya dawo a ƙidaya. Umurnin harbi kuwa a san bakin da ya fito.

5. Duk ran da ya salwanta a hannun jami'an tsaro, a kan hanya ko a ɗakin tsaro, alƙali ya bincika, ba abokan aikin wanda ya yi ba. A bayyana sakamako, a ba dangi gawarsu, a biya diyya, mai laifi ya gurfana.

ABIN DA KOWANE RESHE ZAI YI

Kafin kowane taro ko jerin gwano, a sanar da Hukuma bisa ƙa'ida. A zaɓi dattawa da samari masu sanyin hali su tsare sahu, su fitar da duk wanda ya zo da wuƙa, ko gora, ko fetur. Kada a sa yara gaba. A san gidan likita mafi kusa, a kuma san wanda zai yi magana da shugaban jami'ai in abu ya fara zafi.

In kuwa, Allah ya kiyaye, an yi hasarar rai, to, sakatare ya ɗauki alƙalami tun ranar. Ya rubuta sunan mamaci, da na mahaifinsa, da garinsu, da wuri, da sa'a, da inda raunin ya ke a jikinsa, da sunayen shaidu. Kada ya ƙara ko ɗaya don fushi, kada ya rage ko ɗaya don tsoro. Ku dubi Bakolori, tsakanin ashirin da ɗaruruwa akwai rata mai faɗi, cikin wannan ratar azzalumi ke ɓuya. A Sharpeville ta Afirka ta Kudu, ran 21 ga Maris 1960, 'yan sanda sun kashe mutum 69 bisa ƙidayar hukuma, abin da ya tona asirinsu kuwa shi ne da yawa ta baya harsashi ya same su, watau suna gudu. A birnin Derry na Ailan ta Arewa, sojan Ingila sun harbe mutum 13 ran 30 ga Janairu 1972. Binciken fari ya wanke sojan. Dangi ba su gaji ba, suka riƙe sunaye da shaida, har a 2010 sabon bincike ya tabbatar an kashe su ba bisa hakki ba, Firayim Minista David Cameron ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Shekara 38 suka jira. Da ba su adana shaida ba, da me za su jira?

Saboda haka muna roƙon reshen Jiratawa musamman, ya zauna da tsofaffin gari tun suna da rai, ya rubuta sunayen waɗanda suka mutu a ɗakin nan na Maraɗi a 1964, gida gida. Sauran rassa kuma, bayan kun tattauna, ku aiko mana da ra'ayinku, ko na yarda ko na musu, za mu buga. Wanda ke da ɗa ko ƙane cikin kaki, ya kai masa wannan takarda ya karanta, ya gaya masa ba da ƙiyayya muka rubuta ta ba.

Allah ya tsare rayukan talakawa, da na masu tsaronsu. Haza wasalam.